Babi na Uku

A Aberdeen, garin da duwatsun gininsa ke da launin toka,
na shafe wata huɗu ina wasa wuƙa
saboda wani tsoho, Ewan Strachan.

Shi ya ce tun ba a kafa duniya ba
aka san wanda za a ceta.
Ni na ce, to ina amfanin "na yarda" a bakin mutum?
Hujja goma sha ɗaya na tara masa,
na jera su a babi na uku
kamar kibau cikin kwari.

Malamata, Dakta Imrie, ta karanta,
ta turo mini takardun da ɗan yatsa.
"Rahila, mutum-mutumi kika kayar.
Ke kika ɗinka shi, ke kika cusa masa tsumma.
Je ki faɗi maganarsa har ya ce tasa ce,
sannan mu ga ko wuƙar na ci."

Na hau bas zuwa Torry ana yayyafi.
Ya buɗe ƙofa da rigar sanyi mai faci a gwiwar hannu,
ya haɗa shayi mai ɗaci kamar jiƙon maɗaci.
Na ce, "Idan na fahimce ka..."
Ya ce a'a.
Na sāke. Ya ce na kusa.
A karo na uku na kama bakina.

Kan talabijin akwai hoton wani saurayi
cikin rigar masunta.
Callum. Shekara ashirin da shida.
Ya bar coci tun yana sha biyar,
ya fita teku suna fushi da juna, ko sallama babu,
jirgin kuma bai dawo ba.

"In riƙon yaron ne abin dogaro," in ji shi,
"na san hannunsa, sakakke ne.
Amma in Wani ne ke riƙe da shi,
wa ya san abin da ya wakana a cikin ruwan?"

Abin da na yi wata huɗu ina kira katanga,
ashe sanda ce a hannun mai ɗingishi.

Ya goge tabarau. "Ke fa, me kike karewa?"
Sai na ba shi labarin kakata Lami,
can wani ƙauye bayan Malumfashi,
ranar da ta ce ta yarda
aka daina cin tuwonta,
aka ware mata ƙwarya a bakin rijiya.
Shekara arba'in tana taka sayyada zuwa sujada.
Na ce kada wanda ya gaya mini ba ita ta zaɓa ba.

Ya daɗe yana juya cokali.
"Tsoronki kada a ƙwace wa tsohuwa sawun ƙafarta,
a ce turo ta aka yi."

Na ce, tawa ce.
Ya faɗe ta fiye da yadda na taɓa rubuta ta.

Kada a ce mun shirya. Ba mu shirya ba.
Har gobe ina ganin ya kauce,
shi ma haka yake gani na.
Sai dai na koma ɗaki a daren nan
na zare kibau bakwai, na kowa ne ba nasa ba.
Huɗu suka rage,
su ma na rubuta amsarsa a gindin kowacce
da duk ƙarfin da zai ba ta.
Babin ya yi wuya yanzu. Ya daina yi mini tafi.

Duk ran Alhamis ina kai masa shafukan.
Yana bi da jan biro,
yana rubuta "ba haka ba" a gefe,
da ƙananan baƙaƙe masu rawa.
Makon jiya na kai masa yaji daga gida.
Ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye,
ya ce wannan ma bai yarda da shi ba,
ya miƙo faranti a ƙara.